Koeksister da Koesister: Tarihin Soye-soye Biyu Masu Kama da Suna a Afirka ta Kudu

Gabatarwa

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. A ƙasar Afirka ta Kudu akwai kayan maƙulashe iri biyu waɗanda harafin "k" guda ɗaya ne ya raba sunayensu. Na farko shi ne koeksister, wanda ake furtawa kamar "kuksista", na biyu kuma koesister, wato "kusista". Duka biyun da fulawa ake yin su, a soya a mai, a tsoma a ruwan sukari. Wannan ne ya sa baƙi, har da wasu 'yan ƙasar, suke ɗaukar su abu guda. Sai dai kowannensu yana da al'ummar da ta riƙe shi, kuma bin sawunsu yana kai mai nazari ga tarihin bauta da mulkin mallaka da wariyar launin fata a wannan ƙasa.

Bambancinsu a madafa

Koeksister na Turawan Afrikana ne, wato jikokin 'yan Holand da Jamus da Faransa da suka zauna a ƙasar. Ana murza kwaɓin, a yanka shi sili-sili, a kitse shi kamar kitson gashi, sannan a soya. Da zarar an tsame shi daga mai, sai a jefa shi da zafinsa cikin ruwan sukari mai sanyin ƙanƙara. Haɗuwar zafi da sanyin ce ke sa ya zuƙe ruwan sukarin har cikinsa, bayansa kuma ya yi ƙaras-ƙaras yana sheƙi. Wanda ya san alkaki ba zai sha wuyar gane kamanninsa ba.

Koesister kuwa na Musulmin birnin Cape Town ne. Ba a kitsa shi. Ana mulmula shi ne ya yi ɗan tsawo kamar ƙwai, kuma da yis ake kwaɓa shi, don haka yana da laushi irin na fanke. Abin da ya fi bambanta shi shi ne kayan ƙamshi: kirfa da citta da kadamon da yansun da garin busasshen ɓawon lemo. Wasu gidajen sukan ƙara dafaffen dankalin Turawa a kwaɓin. Bayan suya ana barin sa ya huce, daga baya a tsoma shi a ruwan sukari mai zafi, a barbaɗe shi da busasshiyar kwakwa. Ke nan ko a wajen tsomawa sun yi hannun riga: ɗaya mai zafi ne a ruwan sanyi, ɗaya mai sanyi a ruwan zafi.

Tushensu a yankin Cape

A shekarar 1652 Jan van Riebeeck ya kafa zango a yankin Cape da sunan kamfanin kasuwancin Holand da ke fatauci a gabashin duniya, domin jiragen ruwansa su riƙa samun ruwan sha da guzuri. 'Yan Holand sun zo da al'adarsu ta soya kwaɓin fulawa, kuma kalmar koek a harshensu tana nufin kek. Game da sauran rabin sunan, wasu masana na danganta shi da kalmar da ke nufin 'yar'uwa, wasu kuma da kalmar sissen, wato ƙarar da kwaɓi ke yi idan ya faɗa cikin mai.

Daga 1658 aka fara shigo da bayi da yawa. A tsawon shekarun da suka biyo baya an kawo su daga Indiya da Silon da tsibiran Indonesiya da Madagaska da Mozambik. Haka kuma kamfanin ya mayar da Cape wurin tsare waɗanda suka yi masa turjiya a gabas, irin su Shehu Yusuf na Makassar da aka kawo a 1694, da Tuan Guru na Tidore wanda aka ɗaure a tsibirin Robben. Daga waɗannan mutane ne al'ummar Musulmi ta tsiru, har ta kafa masallacin Auwal a 1794 a unguwar Bo-Kaap. An laƙaba musu suna "Malay", duk da cewa asalinsu ya fi haka faɗi.

Da yawa daga cikin bayin nan su ne ke girki a gidajen iyayengijinsu. A waɗannan madafai fulawar Turai ta haɗu da kayan ƙamshin Asiya. A nan ne kuma harshen Afrikaans ya yi girma a bakin bawa da ubangida baki ɗaya. Wani abin lura ga ɗaliban Hausa shi ne, Musulmin Cape na cikin waɗanda suka fara rubuta wannan harshe, kuma da haruffan Larabci suka rubuta shi, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi da ajami. Littafin fiƙihu na Abubakar Effendi, Bayanud Din, wanda aka buga a Santambul a 1877, shaida ne a kan haka.

Yadda hanyoyi suka rabu

Birtaniya ta soke bauta a Cape a 1834, bayi suka sami cikakken 'yanci a 1838. A daidai wannan lokaci dubban Afrikana suka yi ƙaura zuwa cikin ƙasa. Koeksister ya zama abin alfaharin matansu, ana sayar da shi a kasuwannin coci da na makarantu domin tara kuɗin ayyukan al'umma. Koesister kuwa ya zauna a unguwannin Cape Town, ya zama karin kumallon safiyar Lahadi. Mata kan soya tun daren Asabar, da safe a aiko yara da kwano su sayo daga gidan maƙwabciya, a sha da gahawa ko shayi.

Mulkin wariyar launin fata da ya fara a 1948 ya ƙara zurfafa rabuwar. A 1966 gwamnati ta ayyana unguwar District Six a matsayin ta farar fata kaɗai, aka tashi mutane sama da 60,000 zuwa filayen bayan gari. Iyalan da aka tarwatsa sun tafi da al'adar koesister ta ranar Lahadi zuwa sababbin matsugunansu, kuma sayar da shi ya zama abin rufin asirin mata da yawa. Amma da yake littattafai da kafofin yaɗa labarai suna hannun farar fata, sunan koeksister ne ya yi fice, har aka riƙa kiran na Musulmi da shi, kamar wani reshe ne kawai na abincin Afrikana.

Bayan faɗuwar wariya

A watan Agusta na 1995 Shugaba Nelson Mandela ya ziyarci Betsie Verwoerd, matar marigayi Hendrik Verwoerd wanda ya tsara ginshiƙan wariya, a garin Orania na Afrikana zalla. An tarbe shi da shayi da koeksister, kuma ziyarar ta zama ɗaya daga cikin alamun sulhu da aka fi tunawa. A wannan gari har gunkin koeksister aka kafa domin girmama matan da suka tara kuɗi da shi. A ɗaya ɓangaren, mutanen Cape Town sun keɓe Lahadin farko ta watan Satumba a matsayin ranar koesister, suna jaddada cewa a rubuta sunan ba tare da "k" ta tsakiya ba.

Kammalawa

Soye-soyen biyu sun fito ne daga yanki ɗaya, inda ɗan mulkin mallaka da bawa suka rayu a gida guda cikin rashin daidaito. Nacewar Musulmin Cape a kan rubutun sunan koesister nema ne na a san da gudummawar kakanninsu, waɗanda aka kawo cikin sarƙa amma suka bar tasiri a harshe da abincin ƙasar. Saboda haka ya dace ɗalibi ya kiyaye wannan harafi guda a rubutunsa, ya kira kowanne da sunan da masu shi suka sani.