Daga Dalma Zuwa Tagulla: Tarihin Harsashin Maharbi

A 'yan shekarun nan kamfanonin ƙera harsashi na Amurka da Turai suna ta fito da sababbin harsasai na tagulla zalla, wato jan ƙarfe, domin maharban da ke harbi daga nesa. Wani zai ce ina ruwan mutumin Hausari da wannan, tun da maharbanmu bindigar toka suka gada. To, akwai ruwanmu a ciki, domin dalilin da ya sa suka bar dalma yana nan a gidajenmu. Bari mu bi tarihin daga tushe.

Kalmar harsashi kanta ta faɗi asalinta. Daga Larabci muka aro ta, inda "rasas" ke nufin dalma. Haka bindiga da albarushi, duk ta hanyar Sahara sunayensu suka iso mana tare da kayan. Kafin zuwansu, kakanninmu da baka da kibiya da mashi suke farauta, kuma ƙarfin kibiya yana ga dafin da aka shafa mata. Maharbi kan lallaɓa ya kusanci nama, wani ma har ya ɗaura burtu a ka don ya yaudari dabba. A wancan zamani gwanin maharbi shi ne wanda ya iya kusantar nama.

A wannan yanki namu, labarin bindiga ya yi ƙarfi a ƙarni na 16, zamanin Mai Idris Alooma na Borno, wanda fadarsa take Birnin Ngazargamu, a cikin Jihar Yobe ta yau. Limaminsa Ahmad Ibn Furtu ya rubuta cewa Mai ya samu 'yan bindiga Turkawa, ya kuma sa aka koya wa bayin fadarsa harbi. Daga baya wasu bindigogin suka riƙa shigowa daga bakin teku ta hannun fatake. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mana masu ɗuri ta baki. An ga sakamakon haka a Burmi, kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mutanensa suka kwanta dama a gaban bindigogin Ingilishi. Bayan yaƙe-yaƙe sun ƙare, bindigar toka ta zama kayan maharbi da na bukukuwan sarauta, maƙeranmu kuma suka ƙware wajen ƙera ta da gyara ta.

Me ya sa aka zaɓi dalma tun farko? Tana da nauyi, tana da laushi, tana da araha, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 kawai, abin da wutar gawayi ke iya kaiwa. Tagulla kuwa sai an kai digiri 1,085. Don haka kowa na iya narka dalma a tsakar gidansa ya zuba harsashi, amma tagulla sai maƙera ko masana'anta.

Ita tagulla ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ibn Battuta ya ziyarci Takedda, a cikin Nijar ta yau, a 1353, ya kuma ba da labarin yadda ake haƙo ta a can ana kai ta Gobir da Borno. Mu dai ado da kayan doki da kwanuka muka yi da ita. Turawa ne suka shigar da ita harkar harsashi a shekarun 1880, lokacin da aka samu albarushi marar hayaƙi mai tura harsashi da gudun da dalma zalla ba ta jurewa. Sai suka yi wa dalmar riga ta tagulla. A 1898 sojan Faransa suka ɗauki harsashin da babu dalma a cikinsa ko kaɗan. Na farauta kuwa ya yi suna ne daga 1989, da kamfanin Barnes na Amurka ya fitar da nasa na tagulla zalla, wasu kamfanoni suka biyo baya.

Bambancin yana bayyana ne idan harsashi ya shiga jikin dabba. Na dalma yakan farfashe ya bar ɓurɓushi masu yawa a cikin nama, wasu ido ba ya ganinsu, kuma dafuwa ba ta kashe gubarsu. Na tagulla bakinsa ne ke buɗewa, ya ratsa ya wuce kusan da dukkan nauyinsa. Sai dai da yake tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, dole a ƙara wa harsashin tsawo, kuma idan gudunsa ya ragu a nesa bakin ba ya buɗewa sosai. Wannan matsalar ce sababbin samfuran na harbin nesa suke ƙoƙarin magancewa.

Tsuntsaye ne suka fara tona asirin dalma. Agwagin ruwa kan haɗiye ƙananan ƙwayoyin harsashi da suka zube a fadama su mutu, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991. Wata babbar ungulu ta jihar Kalifoniya ta ragu har saura 22 kacal a 1982, kuma cin mushen da aka harba da dalma na cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. Daga 1 ga Yuli, 2019 jihar ta hana farauta da dalma gaba ɗaya. Tarayyar Turai ma ta hana amfani da ita a fadamu daga Fabrairu 2023. Mu tuna cewa tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi, da yawansu a fadamar Hadejiya da Nguru da wurin kiwon tsuntsaye na Dagona suke sauka, nan cikin jiharmu.

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ba daga harsashi ta fito ba, daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce. Yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa, kuma likitoci sun ce babu wani adadinta da ba ya cutar da yaro.

Harsashin tagulla na harbin nesa ba na maharbinmu ba ne. Yana da tsada, kuma bindigar da ke harba shi ba a riƙe ta sai da izini mai tsauri a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Ko bindigar toka ma dokar ta yi tanadin lasisi a kanta. Abin da za mu ɗauka a nan ilimin ne, wanda ba ya buƙatar kuɗi. Kada a narka dalma a cikin gida ko kusa da yara, kada kuma a yi amfani da tukunya ko cokalin girki wajen narka ta. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Idan an feɗe naman daji, a yanke wurin da harsashi ya bi da abin da ke kewaye da shi a binne, kada a jefa wa kare ko ungulu. Mai ciki da ƙananan yara gara su haƙura da naman da aka harba da dalma.

Maharbanmu sun tsaya mana a shekarun da tashin hankali ya addabi Potiskum da kewaye, sun shiga daji lokacin da wasu ke gudu daga cikinsa. Haƙƙinsu ne a kanmu mu isar musu da wannan bayani, su da sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyinsu, domin 'ya'yansu ne suka fi kowa kusa da dalmar. Allah ya kare mana zuriya, ya jiƙan magabata.