Aƙilu Aliyu

Alhaji Aƙilu Aliyu (1918 – 1999) marubucin waƙoƙin Hausa ne, malami, kuma ɗan siyasa daga arewacin Nijeriya. Ana sanya shi a sahun gaba na mawaƙan Hausa na ƙarni na 20, tare da irin su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne gwanintar sarrafa harshe da kishin Hausa.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a ƙasar Jega, wadda yanzu take cikin Jihar Kebbi. Karatun allo ya fara da shi, sannan neman ilimi ya kai shi Kano tun yana matashi. Daga can ya wuce Barno, inda ya zauna fiye da shekara 20 yana karatu yana kuma karantarwa, kafin ya dawo Kano da zama. Mabiyin ɗariƙar Tijjaniyya ne. Da yake ta hanyar ilimin addini ya taso, da ajami yake rubuta waƙoƙinsa.

Siyasa

Aƙilu ya shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ya kuma rubuta mata waƙoƙi. A wancan zamani waƙa babban makami ce a siyasar Arewa, domin ana rera ta a taron jam'iyya har wanda bai iya karatu ba ya haddace ta. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya (1967 – 1970) ya rubuta "Jiki Magayi" don ƙarfafa wa soja gwiwa. Wannan waƙa daban take da littafin labari mai irin wannan suna na John Tafida da Rupert East, kodayake ɗalibai kan rikita su.

Waƙoƙinsa da salonsa

Fitaccen littafinsa shi ne Fasaha Aƙiliya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a rubutun boko a tsakiyar shekarun 1970. Daga cikin waƙoƙinsa da suka yi suna akwai "Kadaura Babbar Inuwa" a kan darajar ilimi, da "'Yar Gagara" wadda ta yi suka ga karuwanci, da "Hausa Mai Ban Haushi".

Wannan ta ƙarshe ita ce masu nazarin harshe suka fi komawa gare ta. A cikinta ya caccaki 'yan boko masu cusa Turanci a tsakiyar magana, abin da yau ake kira Ingausa, da masu ganin cewa iya harshen uwa ba abin alfahari ba ne. Shi kansa sunan waƙar wasa ne da kalmomi: Hausa da haushi gaɓarsu ta farko ɗaya ce. Irin wannan wasa ya cika waƙoƙinsa. Yana jera kalmomi masu sauti iri ɗaya, yana tono tsofaffin kalmomi da ba a cika ji a birni ba, yana kuma ɗauko karin magana ya mai da ita sunan waƙa. Wannan ne ya sa wasu baitocinsa suke da wuyar fahimta ga ɗalibin da ya tashi da Hausar rediyo da ta waya kaɗai. Sau da yawa sai an buɗe ƙamus ko an tambayi dattijo. Waƙoƙin na rerawa ne, kuma wanda ya karanta su a takarda ba tare da ya ji muryar ba, rabin daɗin ya wuce shi.

Koyarwa da tasiri

Ban da almajiran da ya karantar, Aƙilu ya jagoranci ƙungiyar marubuta waƙoƙi ta Hausa Fasaha, a zamanin da Mudi Sipikin yake jagorantar ƙungiyar Hikima a Kano. A irin waɗannan ƙungiyoyi sababbin marubuta kan kawo waƙa a saurara, a gyara musu kari da amsa-amo. Daga baya ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano.

Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan fasahar Aƙilu, a Jami'ar Landan, a 1977. Har yanzu ana nazarin waƙoƙinsa a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Ya rasu a 1999.