Fiyano, Goge da Kakaki: Wanne Ne Ya Fi Wuya a Hannun Makaɗi?

A ƙasar Hausa, idan aka ce fiyano, abin da yake faɗo wa mutane a rai shi ne akwatin Yamaha da ke ɗakunan haɗa sauti na Kano, wanda ake latsa maɓalli guda sai ganga da sarewa su tashi da kansu. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa suka raja'a a kansa, ya zama alamar kiɗa mai sauƙi. A Turai kuwa, fiyanon asali mai maɓallai 88 shi ne ma'aunin gwanintar makaɗi, kuma an haura shekara ɗari ana gardama kan wane kiɗa nasa ne ya fi gagara.

Gardamar ta fi zafi a kan abin da suke kira konceto, wato dogon kiɗan da mai fiyano ɗaya yake jagoranta, rundunar makaɗa tana mara masa baya. Wanda aka fi ambata shi ne konceto na uku na Sergei Rachmaninoff, ɗan ƙasar Rasha, wanda shi da kansa ya fara kaɗawa a birnin New York a watan Nuwamba na 1909. Ya sadaukar da shi ga Josef Hofmann, gwanin zamaninsa, amma Hofmann bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. Wasu sukan ce na biyu na Sergei Prokofiev ya fi shi, saboda wani dogon gurbi da rundunar take yin tsit ta bar mai fiyano shi kaɗai. Sai kuma Maurice Ravel na Faransa, wanda ya tsara konceto na hannun hagu zalla domin Paul Wittgenstein, makaɗin da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An fara kaɗa shi a Vienna a 1932.

Abin da ya ba su damar yin wannan muhawara shi ne takarda. Kiɗansu a rubuce yake, kowa zai iya ƙirga sautuka nawa yatsu za su taɓa cikin daƙiƙa guda. Namu a ka yake da kunne, don haka sai an nemi wani ma'aunin. Kuma da zarar an fara nema, sai a tarar tarihi ya jera kayan kiɗanmu a bisa daraja, jerin da ya yi hannun riga da wahalar sarrafa su.

A ƙololuwar daraja kakaki yake. Littafin Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Ba a busa wa talaka shi. Amma kakaki ba shi da ramin yatsa ko ɗaya, sautukan da ake fitarwa daga cikinsa ba su wuce biyu ko uku ba. Aikinsa na leɓe ne da ƙirji, da ɗaga dogon ƙarfe sama ba tare da ya yi rawa ba, sau da yawa a bisa doki. Abokiyar tafiyarsa algaita ta fi shi neman jiki, domin mabushi yakan tara iska a kumatu ya ci gaba da turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, sauti ba ya yankewa. Kumburin kumatun mai algaita da yara suke wa dariya, nan ne gaba ɗayan sana'ar take.

A can ƙasan jerin kuwa aka ajiye goge. Malaman jihadin ƙarni na 19 ba su yi wa kayan kiɗa masu tsirkiya da sauƙi ba, kuma alaƙar goge da bori da wuraren shaƙatawa na dare ta bi shi har yau. To amma a ganina, idan maganar hannu ake yi, babu abin da ya kama ƙafarsa. Tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa yatsa wurin tsayawa. Mai fiyano ko da makaho ne, idan ya taɓa maɓallin da ya dace sauti zai fito daidai, domin wani ya riga ya saita masa. Mai goge shi yake ƙera kowane sauti a lokacin da yake buƙatarsa, kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba kunne zai kama shi. Haka abin yake ga ƙanwarsa kukuma, wadda Ibrahim Na Habu ya ɗaukaka a Kano, Garba Supa da Hassan Wayam suka yi suna da ita. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne ya fi tuna mini da Ravel: da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika fage shekaru da dama, ba 'yan amshi, ba mataimaki.

Kalangu kuma wuyarsa daban ce, a nan ne kwatancen da Turai yake tsinkewa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. Mai kalangu yana matse igiyoyin fata a hammatarsa sauti ya hau, ya saki ya sauka, hannu ɗaya yana bugu da makaɗi, har gangar ta faɗi taken mutum a ji a gane. Ke nan bai isa ya iya bugu ba, sai ya haddace take da kirarin gidaje da sana'o'i, ya san na wa zai kaɗa da wanda in ya kaɗa za a yi rigima. Asalinsa gangar mahauta ce, shi ya sa ya bi su fagen dambe, inda Ɗan Anace ya yi zamaninsa. Sa'annan a duba makaɗan Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999. Shata yakan ƙirƙiri waƙa nan take, ya tsawaita ɗa ko ya datse shi yadda ya ga dama, su kuwa dole su tare shi a daidai inda amshi zai faɗo. Mai kaɗa Rachmaninoff ya san abin da ke shafi na gaba tun watanni kafin ranar. Su ba su da shafin.

A karkarar arewacin Kano, irin su Tsanyawa da ke kan hanyar Katsina, wannan ilimi a gida ake gadonsa. Gangar noma tana bin 'yan gayya da damina, kalangu yana fitowa da kaka idan an kai amfani gida. Yaro yakan fara da ƙaramar gangar rakiya a bayan mahaifinsa, ya shekara da shekaru yana riƙe ƙafar kiɗa kafin a miƙa masa babbar. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallinsu a wani littafi a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rubuta tarihin makaɗa da dama. Sunaye da tarihi sun shiga takarda, amma yadda hammata take matse kalangu sai a wurin mai yi.

Yau mai biki a waɗannan garuruwa yakan gwammace ya ɗauko mai na'ura da lasifika, domin ya fi arha a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa da sallamarsu. Ɗan makaɗi yana ganin haka, yana kuma ganin yadda ake kallon gidansu idan ya je neman aure. Fiyanon ɗakin haɗa sauti yana da muryar ganga a cikinsa, yana iya maimaita bugu guda har gari ya waye. Idan Sarkin Noma ya shigo fili, bai san takensa ba.