Daga Fijo zuwa salula: me ke ba kaya suna?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Kaya ma suna da suna. Bari ka ji yadda sunan mota ya yi tashe a ƙasarmu, ya kuma kwanta.

A shekara ta 1960 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da mota 404. A 1968 ya fito da 504. Mutanenmu suka ce mata Fijo. A 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna. Daga can kayan gyaranta suke biyo hanyar Katsina, su bi Jibiya da Ɗan Isa, su ratsa ƙasar Madarunfa, su iso Maraɗi.

A wancan zamanin, alhajin da ya sayi Fijo ya cika alhaji. Me ya jawo mata wannan girma? Tana jure rairayi da gargada. In ta lalace, ga makanike kusa, ga kayan gyara a kasuwa. Yaron gareji ma ya san cikinta. Daga baya Toyota ta Japan ta zo da ƙarfi da ƙarancin shan mai. Direbobi suka koma mata, makanikai suka bi su. Sunan Fijo bai hana ba.

Wayar hannu ma haka ta yi. A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar. Nokia ta yi zamaninta, don batirinta yana daɗewa. A 2007 aka fito da iPhone a Amurka. Sai Tecno da Itel na ƙasar Sin suka zo da araha da gidan layi biyu, suka cika ƙauyuka.

Yanzu ɗanka ko ɗiyarka za su ce sai mai babban suna, don kar abokai su yi musu dariya. Kada ka yi faɗa. Amma kafin ka sayar da akuya ko damin gero, yi tambaya uku, irin ta direbobin da. Wa ke gyara ta nan kusa? Gilashinta nawa ne in ya fashe? Kwana nawa cajinta ke yi?

In amsa ta yi daɗi, saya. In ba ta yi ba, riƙe geronka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.