Ficewar Katar Daga Tarayyar Masarautu Tara, 1968–1971: Wa Aka Tambaya?

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda Katar ta shiga shirin kafa tarayyar masarautu tara na yankin Tekun Fasha a 1968, ta kuma janye daga cikinsa a 1971. Maƙalar ta nuna cewa Katar ba ta shiga shirin da ƙafa ɗaya ba, ita ce ma ta fi kowa ɗokinsa da farko, kuma muhawarar zama ko ficewa ta gudana ne tsakanin mutane ƙalilan, ba tare da an nemi ra'ayin talakawa ba. An kuma waiwayi rikicin 2017, lokacin da tambayar ta sake tasowa, tare da kwatanta lamarin da abin da ƙasar Hausa ta sani game da araba.

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Doha ya san bikin 18 ga Disamba, ranar da ake cika bakin teku da fareti da tutoci domin tunawa da hawan Shaikh Jasim bin Muhammad Al Thani mulki a 1878. Amma 3 ga Satumba, ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1971, takan zo ta wuce kamar kowace rana, tun da aka sauya ranar ƙasa a 2007. A ganina wannan sauyi yana da ma'ana. Ranar 3 ga Satumba tana tuna wa mutum Turawan Ingila, tana kuma tuna masa cewa saura ƙiris Katar ta zama jiha ɗaya cikin tara a wata ƙasa mai babban birni a wani wuri daban. Labarin da ƙasa ke ba wa 'ya'yanta ba ya son irin wannan "saura ƙiris".

Daga Dubai zuwa Abu Dabi

A Janairun 1968, bayan faɗuwar darajar fam a Nuwamban shekarar da ta gabata, gwamnatin Harold Wilson ta sanar da cewa Birtaniya za ta kwashe sojojinta daga Tekun Fasha kafin ƙarshen 1971. Sarakunan yankin ba su nemi haka ba. Katar, alal misali, tana ƙarƙashin kariyar Birtaniya tun yarjejeniyar 1916, kuma wannan kariya ce ta tsare ta daga maƙwabtan da suka fi ta ƙarfi. Ranar 18 ga Fabrairu Shaikh Zayid na Abu Dabi da Shaikh Rashid na Dubai suka haɗu a kan iyakarsu suka amince su haɗe, suka kuma gayyaci sauran. Bayan mako guda sarakuna tara suka taru a Dubai: na Abu Dabi, Dubai, Sharja, Ajman, Ummul Kuwain, Ra'asul Khaima da Fujaira, sai na Baharain da na Katar. Ranar 27 ga Fabrairu suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Tarayyar Masarautun Larabawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daftarin da aka gina yarjejeniyar a kansa daga wajen tawagar Katar ya fito, wadda ke da wani lauya ɗan Masar, Dokta Hasan Kamil, a matsayin mai ba ta shawara. Katar ta ma kawo shawarar a narkar da ƙananan masarautu biyar su zama guda ɗaya, domin tarayyar ta kasance ta mambobi biyar masu kama da juna. Sarakunan biyar suka ƙi, kuma ba abin mamaki ba ne: babu sarkin da zai je taro da rawani ya yarda ya koma gida a matsayin hakimi. A Yulin 1968 aka kafa majalisar tarayya ta wucin gadi, aka ba wa mataimakin sarkin Katar, Shaikh Khalifa bin Hamad, shugabancinta. Biyu daga cikin tarukan Majalisar Ƙoli ta sarakuna a Doha aka yi su, a Oktoban 1968 da Mayun 1969.

To me ya wargaza tafiyar? Littattafan Frauke Heard-Bey da Abdullah Omran Taryam a kan kafuwar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da na Rosemarie Said Zahlan a kan Katar, sun yi tarayya wajen ambaton batutuwan da aka yi ta ja-in-ja a kansu: inda za a ajiye babban birni, yadda za a yanke shawara a Majalisar Ƙoli, rabon kuɗi da na muƙamai, da kuma wakilci a majalisar ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan rikicin. Baharain tana da mutane sama da 200,000, tana da makarantun zamani tun 1919, tana da ma'aikatan gwamnati da suka goge, don haka ta nemi a raba kujeru bisa yawan jama'a. Katar kuwa mutanenta ba su wuce kimanin 111,000 ba a 1970, kuma fiye da rabinsu baƙi ne. Ajman da Ummul Kuwain ko dubu biyar-biyar ba su kai ba. Idan aka bi yawan jama'a, Baharain za ta mamaye majalisa. Idan aka ba kowa kujeru daidai, ƙuri'ar mutum ɗaya a Ajman za ta yi nauyin ta mutum arba'in ko fiye a Manama. Ɗan Nijeriya bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin shi ne irin cacar bakin da aka yi a taron Ibadan na 1950, inda wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya.

Sai dai lissafin kujeru kaɗai bai isa ya bayyana zafin jayayyar ba. Tsakanin gidan Al Thani da gidan Al Khalifa na Baharain akwai tsohon miki. Al Khalifa daga Zubara, a gaɓar arewa maso yammacin Katar, suka tsallaka suka ci Baharain a 1783, kuma ba su daina kallon Zubara a matsayin tasu ba. An gwabza a kanta a 1937, kuma a 1939 Birtaniya ta ba Baharain tsibiran Hawar da ke daf da gaɓar Katar. Wannan shari'a ba ta ƙare ba sai a Maris na 2001, lokacin da Kotun Duniya ta bar wa Baharain Hawar, ta tabbatar wa Katar Zubara. Masarautun kuma sun rabu gida biyu tun kafin a zauna. Sarkin Katar, Shaikh Ahmad bin Ali, surukin Shaikh Rashid ne, kuma Katar da Dubai kuɗi ɗaya suke kashewa tun 1966, yayin da Abu Dabi ke amfani da dinarin Baharain. Ga wanda ke zaune a Doha a lokacin, tarayyar da Baharain ke da rinjaye a cikinta komawa ce ga yanayin da kakanninsa suka yi yaƙi don fita daga cikinsa.

Duk da haka, a taron Abu Dabi na Oktoban 1969 an kai bakin gaɓa. An amince Shaikh Zayid ya zama shugaba, Shaikh Rashid mataimaki, Shaikh Khalifa bin Hamad firayim minista, Abu Dabi ta zama mazaunin gwamnati na wucin gadi, kowace masarauta kuma ta sami kujeru huɗu. Ana cikin takaddamar rabon ma'aikatu sai wakilin Birtaniya a Abu Dabi, James Treadwell, ya shiga zauren ya karanta saƙon babban jami'in Birtaniya na yankin, mai kira ga sarakunan su kammala. Sarkin Katar da na Ra'asul Khaima suka tashi suka fita, suna cewa wannan katsalandan ne. Masana da dama suna ganin an dai sami hujjar tashi ne, kuma na fi karkata ga wannan fahimta, domin sarakunan da suka shafe shekaru hamsin suna karɓar saƙon Ingila ba ranar ce suka fara jin zafinsa ba. Ba a sa hannu a kan komai ba, kuma sarakunan tara ba su sake zama a wannan majalisa ba.

Mutanen da ba a tambaya ba

A nan ne kalmar "muhawara" ke buƙatar taka-tsantsan. Gidan rediyon Katar a 1968 aka buɗe shi, talabijin a 1970, jaridar Al-Arab kuwa sai a 1972. Babu zaɓaɓɓiyar majalisa, babu jam'iyya. Yunƙurin da ma'aikatan mai da wasu 'yan kasuwa suka yi a 1963, na neman a rage alfarmar gidan sarauta, an murƙushe shi da kamu da kora. Saboda haka zancen tarayya a zaurukan manya aka yi shi, tsakanin sarki da ɗan'uwansa mataimaki, da masu ba su shawara, da manyan attajirai. Su biyun nan ma ba bakinsu ɗaya ba. Shaikh Ahmad ya fi son zama a ƙasashen waje, Shaikh Khalifa ne ke tafiyar da gwamnati, kuma tarayya ta yi masa alkawarin kujerar da ta fi ta mataimaki.

Mutanen Baharain ne kawai aka tambaya, su ma ba a kan tarayya ba. Iran tana da'awar mallakar tsibirin, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da wakili, Vittorio Winspeare Guicciardi, wanda ya zagaya ƙungiyoyi da kulob-kulob a Maris da Afrilun 1970 yana jin ta bakinsu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Rahotonsa ya ce mafi yawansu ƙasa mai cin gashin kanta suke so, Kwamitin Sulhu ya amince da shi ranar 11 ga Mayu. Wannan ya sauya lissafi gaba ɗaya. Tsoron Iran ne ya sa Baharain ta haƙura da kujeru huɗu. Da tsoron ya kau, sai ta koma kan buƙatarta ta asali.

Katar ma ta fara shirin ko-ta-kwana. A Afrilun 1970 ta fitar da kundin tsarin mulki na wucin gadi, ta kafa majalisar ministoci a watan Mayu. Abin lura shi ne kundin ya kira Katar ƙasa mai 'yanci, ya kuma kira ta mamba a tarayyar, duka a wuri guda. Ana iya karanta wannan a matsayin rashin tsai da shawara. Ni ina ganin dabara ce ta mai jiran ya ga inda abokin hamayya zai sa ƙafa. Sasancin da Saudiyya da Kuwait suka gwada a farkon 1971 bai haifar da komai ba. Ranar 18 ga Yuli masarautu shida suka amince su tafi su kaɗai, Baharain ta ayyana 'yancinta a tsakiyar Agusta, kuma daga nan babu yadda Doha za ta yarda ta zama jiha alhali Manama na da kujera a New York. Shaikh Khalifa ne ya sanar wa jama'a a Doha. Sarki Ahmad yana Switzerland, a Geneva ya sa hannu a kan takardun ranar 3 ga Satumba. Ranar 22 ga Fabrairun 1972, yana farauta a Iran, Khalifa ya tuɓe shi.

Yau ana yawan cewa arzikin gas ne ya ba Katar ƙarfin tsayawa ita kaɗai. Wannan karanta tarihi ne daga baya zuwa gaba. Gaskiya ne a 1971 kamfanin Shell ya gano babban filin gas na arewa, amma a lokacin mai ake nema, kuma sai bayan shekaru ashirin da biyar jirgin farko ya ɗauki gas ɗin zuwa Japan. Waɗanda suka yanke shawarar ficewa ba su san abin da ke ƙarƙashin tekun zai zama ba.

2017, da abin da ya shafe mu

Tambayar ta dawo ranar 5 ga Yunin 2017, lokacin da Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Baharain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe iyakarta ɗaya tilo ta ƙasa. Wannan karon akwai jama'a a cikin zancen, a Twitter da tashoshin talabijin da zaurukan hira: mene ne amfanin zama a Majalisar Haɗin Kan Ƙasashen Tekun Fasha, wadda aka kafa a 1981, idan uku daga cikin mambobinta shida za su iya yi wa na huɗu ƙawanya? Ministan harkokin wajen Baharain ma ya nemi a jingine zaman Katar a ƙungiyar. Amma Katar ba ta fita ba. Sarki Tamim ya halarci taron Kuwait na Disamban 2017 da kansa. Ƙungiyar da ta bari ita ce OPEC, a Janairun 2019, inda ficewa ba ta raba kowa da danginsa. Dalilin bambancin a fili yake. A 1971 an janye ne daga tarayyar da ba ta wuce takarda ba. A 2017 kuwa akwai auratayya, da ɗalibai, da filaye, da ƙabilu irin Al Murra da ke zaune a ɓangarorin iyaka biyu, da dubban raƙuman da aka koro daga makiyayar Saudiyya. An warware rikicin a Al-Ula ranar 5 ga Janairun 2021, a taron ƙungiyar da aka ce ta mutu.

Mai karatu Bahaushe zai ga fuskokin da ya sani. A 1953, bayan ƙudirin Anthony Enahoro da tarzomar Kano, majalisun Arewa sun amince da tsari mai sharuɗɗa takwas wanda kusan ballewa ne. A 1966 aka yi kiran araba a titunan Kano da Zariya da Katsina, kuma a taron tsarin mulki na Satumban shekarar tawagar Arewa ta fara da neman a ba kowane yanki 'yancin ficewa, kafin ta sauya matsayi cikin 'yan kwanaki. Nan ma 'yan mutane ne suka yanke, bayan sun tuna cewa gyaɗa da audugar Arewa ta Legas da Fatakwal suke fita. Nijar ta bambanta a wuri ɗaya: ranar 28 ga Satumban 1958 an tambayi jama'arta kai tsaye ko za su zauna a ƙungiyar Faransa, Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a suka sha kaye, a zaɓen da hukumar mulkin mallaka ta sa hannu dumu-dumu a cikinsa. Ranar 28 ga Janairun 2024 kuwa, da aka sanar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, a talabijin mutanen Maraɗi da Ƙonni suka ji, bayan sun shafe wata shida iyakar Jibiya da ta Illela na rufe. An yi gangamin goyon baya a Yamai, kuma ba na shakkar cewa takunkumin ya fusata mutane da gaske. Ƙuri'ar raba gardama dai ba a yi ba, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.