Runduna ta 81 da ta 82: Kakanninmu a Dajin Bama

Ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Da yawa cikinku in aka ce Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke zuwa muku shi ne Hitila da rundunonin Jamus. Wani ma zai lissafo maka janar-janar ɗin Jamus tiryan-tiryan. To amma tambaye shi wace runduna kakansa ya yi wa soja, sai ka ji shiru. Yau maganar rundunoninmu za mu yi.

Tsofaffi suna kiransa Yaƙin Hitila, amma sojojinmu ba da Jamusawa aka fi gwabza su ba. Da farko Italiyawa suka yaƙa a gabashin Afirka a 1940 da 1941, inda birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu ta kuma kutsa ƙasar Habasha. Kano kuwa a lokacin, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, zango ce ta jiragen yaƙin Ingila. Ana harhaɗa su a Takoradi, su sauka nan, su bi ta Maiduguri da Khartum har Alƙahira.

Sai Japan ta ƙwace Bama a 1942, ta zo ƙofar Indiya. Janar George Giffard, wanda ya san sojojin Afirka ta Yamma, ya ba da shawarar a kai su can, bisa tunanin cewa sun saba da daji da zafi. Ka ji fa. Mutumin da ya tashi a Kano ko Katsina, ina ya taɓa ganin kurmi irin na Bama? Haka dai aka kafa Runduna ta 81 a watan Maris na 1943, ta 82 kuma a watan Agusta. An haɗa 'yan Nijeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A bataliyoyin Nijeriya Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koya.

Yaya aka ɗebi mutane? Wasu da ƙafarsu suka je saboda albashi. Wasu kuma ta hannun En'e, a ce wa hakimi ya kawo mutum kaza, shi kuma ya ɗora wa dagatai. Wanda ba shi da gata shi ake fara nunawa.

Runduna ta 81, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙarshen 1943. Babu hanya, sai da suka sare daji da adda da gatari suka yi ta ƙananan motoci mai tsawon kusan mil 75. Daga nan abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da lema. Akwai kuma dubban sojoji 'yan dako da ke ɗaukar kaya a ka, su hau tsaunin da mota ba ta hawa. A watan Maris na 1944 Japanawa suka juyo musu a Kyauktaw, dole suka ja baya. Bayan damina suka sake komawa kwarin, wannan karon da sabon kwamanda, Loftus-Tottenham.

Birged ta 3 kuwa, wadda 'yan Nijeriya ce zalla, an cire ta aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, masu yaƙi a bayan layin abokan gaba. A 1944 Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Bama ya duba sojojinmu.

Runduna ta 82 ta shiga fage a watan Disamba na 1944 a yankin Arakan, ta kama Buthidaung. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Daga nan ta 81 ta koma Indiya, ta 82 ƙarƙashin Janar Stockwell ta ci gaba kudu, ta Dalet da Tamandu da Letmauk har Taungup. Tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata, ta yi asarar mutum sama da 2,000. Ga zazzaɓin sauro da atuni suna nasu aikin.

Yanzu ku sake duba sunayen nan. Barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas. Duk daga Bama aka ɗauko su. Har gobe sojan Nijeriya na da Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu.

Mafi yawansu sai 1946 suka dawo gida. Albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kama ƙafar na sojan Bature ba, alhali harsashi bai bambanta fata ba. Hafsoshi kusan duk Turawa ne, irin su Seth Anthony ɗan Gana ɗaiɗaiku ne. Waɗanda ba su dawo ba, wasu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, waɗanda ba a ga gawarsu ba an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan wurin. Sau da yawa sunan mutum ne da na garinsu, wane Kano, wane Sakkwato, kamar yadda aka rubuta su ranar ɗauka. Shi ya sa gano zuriyarsu ke da wuya.

Saboda haka ga aikin gida. Waɗanda suka je sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan a Mandawari da Ɗandago da Gyaranya da sauran lungunanmu. Ka tambayi kaka ko gwaggo, akwai wanda ya je Bama a gidan nan? A duba tsohuwar adaka, wataƙila lambar yabo ko takardar sallama na ciki. In ka samu, ɗauki hoto, rubuta suna da bataliya, ka ajiye mana a ƙasan wannan rubutu.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.