Gani Ya Kori Ji: Tarihin Jijiyar Kuturu

Tun zamanin kaka da kakanni Bahaushe ya san kuturta, har ya naɗa wa masu ita sarki, wato Sarkin Kutare. Sai dai abin da ido ya riƙa gani shi ne dungu da gyambo, alhali ɓarnar tana can ɓoye cikin jijiya.

Jijiyar da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa tana sanye da wata riga mai maiƙo, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A 1854 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya raɗa mata suna mayelin. Da wannan riga saƙo kan yi gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. In ta zagwanye, sai saƙo ya yi ta jan ƙafa ko ya yanke. A 1873 Armauer Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar kuturta, daga baya aka fahimci cewa tana shiga ainihin ƙwayoyin da ke saƙa rigar. Shi ya sa ji ke ɗaukewa. Mai cutar ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, rauni ya ruɓe, yatsa ya tafi.

A ƙasar Hausa an daɗe ana wannan yaƙi a makance. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi ragamar zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, sannan a 1956 ta buɗe na Danja, kudu da Maraɗi. Kayan binciken ma'aikatan wuraren nan su ne yatsa da auduga. Sukan lalubi jijiyar gwiwar hannu su ji ko ta yi kauri, su shafa auduga a kan tabo su tambayi majiyyaci ko ya ji.

Hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a 1895, bai kai ga jijiya ba. A 1921 likitocin Faransa biyu, Sicard da Forestier, suka fara zuba wani mai a kewayen laka don inuwarta ta fito a hoto. Inuwar ce kawai ta fito. Sai a 1973 Paul Lauterbur na Amurka ya nuna yadda za a ɗauki hoton cikin abu da maganaɗisu, dabarar da ta haifi na'urar da ake kira IRM a Nijar. A 1981 likitoci a Landan suka ga tabon zagwanyewar mayelin a ƙwaƙwalwar mutum mai rai. Yau da ita ake duba lakar wanda haɗarin mota ya karya wa baya, yayin da na'urar eko ke auna kumburin jijiyar mai kuturta.

A shekarar 1981 ɗin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu kashe ƙwayar, waɗanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Amma magani ba ya mayar da yatsan da ya tafi. Jijiyar da ta fara mutuwa kuwa ana iya ceto ta, muddin aka tare ta cikin wata shida na farko.

Manyan na'urorin suna Yamai da Kano da makamantansu, nesa da ɗan ƙauye. Don haka ido na farko shi ne na malamin makaranta. Yaron da ke da tabo mai haske a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓi, asibiti ya kamata a kai shi a makon nan, tun yatsunsa goma suna riƙe alƙalami.